Darajar Tsohon Sule

An nemi kowace ƙungiya daga cikinmu da aka aika gwajin koyarwa ta rubuta wani abu da ta gani a inda ta sauka, domin 'yan'uwa su ƙaru. Mu huɗu ne aka aika Gonin Gora. Muna neman gafarar malamanmu, gama abin da za mu ba da labarinsa ba cikin aji ya faru ba, a tsakar gidan da muka sauka ne. Amma darasin lissafi ne, kuma mu ne muka zauna a matsayin almajirai.

Ga wanda bai san wurin ba, Gonin Gora tana kudu da kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, a bakin babbar hanyar da ta nufi Abuja. Asalin wurin ƙasar Gbagyi ce, amma yanzu ba irin mutanen da babu. An ba mu ɗaki a gidan wata tsohuwa mutuniyar ƙasar Zazzau, wadda kowa ke kira Iya. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya daɗe da rasuwa, ba kowa gare ta sai jikarta guda, yarinya mai kaifin fahimta, wadda ke cikin ajin ƙarshe na makarantar da mu ke koyarwa. Yarinyar nan ta ci jarrabawar shiga makarantar gaba, amma kuɗin shiga da na tufafi da na littattafai sun gagara.

Ran nan da la'asar muna zaune muna shirya darasin gobe, sai ga wani ɗan gwangwan ya turo kurarsa yana kiran masu tsofaffin ƙarafa. Iya ta yi kiransa, ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙulli cikin tsumman saƙi, ta kwance. Ashe tsofaffin kuɗi ne, sun yi baƙi ƙirin. Mutumin ya ɗiba ya jinjina a tafin hannu, ya taɓe baki, ya ce ai waɗannan an daina karɓarsu tun kafin a haife shi, amma don tausayi zai taya. Ya taya su gaba ɗaya, kamar yadda a ke taya fasasshiyar tukunya. Iya ta ce albarka. Da ya tafi ta juyo gare mu ta ce, "'Ya'yana, ku ne masu karatu. Ku duba mini, kayan uwata ne, ita ma daga tata uwar ta samu. In da abin da za su yi wa yarinyar nan, to, su yi."

Nan fa muka ji kanmu ya kumbura. Muka shimfiɗa tabarma muka zube su. Akwai waɗansu manya guda huɗu masu nauyi, da hoton wata mace mai ƙiba a fuska ɗaya, da gaggafa mai kai biyu a ɗaya fuskar. Ɗayanmu ya kai guda kusa da fitila, ya karanta 1780. Muka tashi tsaye. Muka ce wa Iya kuɗin nan ya haura shekara 240, Turawa na sayen irinsa da abin da zai gina gida, kada ta kuskura ta sake nuna wa kowa. Sa'an nan, don mu ga rubutun sauran sosai, muka sa yarinyar ta kawo toka da lemun tsami da soson ƙarfe, muka yi ta dirza har dare ya raba. Akwai wata fataka guda da aka naɗe dabam cikin ƙyalle, mai shekarar 1913, wadda ko gashin gemun sarkin da ke jikinta ana iya ƙidayawa. Ita muka fi ba wuya, har ta yi ƙyalli kamar madubi. Muka kwanta muna yabon kanmu. Iya kuwa ta gaya mana daga baya, daren nan ba ta runtsa ba don murna.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Cikin dare guda mun yi ɓarna biyu, ba mu san mun yi ko ɗaya ba.

Ranar Asabar muka ƙetare gada muka shiga gari, muka nemi wani dattijo mai sayar da kayan da, wanda shugaban makarantar ya kwatanta mana. Muka gaisa, muka miƙa masa manyan nan da alfahari. Ya duba, ya yi murmushi, ya jawo wani kwano daga ƙarƙashin teburinsa ya tura gabanmu. Irinsu ne cike da shi, kowanne kuwa 1780. Ya ce, "Samari, wannan shi ne liyari. Duk wanda kuka gani a duniya, in ba ƙalilan ba, wannan shekara ce a jikinsa."

Abin da ya gaya mana, da abin da muka bincika daga baya, ga shi. Matar nan ita ce Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Kuɗinta ya sami karɓuwa ƙwarai wurin Larabawa da Habashawa da fataken hamada, domin nauyinsa ba ya sākewa, azurfarsa kuma ba ta raguwa, ga rubutu a gefensa wanda ke tona asirin duk wanda ya kankare bakin kuɗin. Da ta rasu 'yan kasuwa suka ƙi karɓar wani hoto sai nata, saboda haka aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta. Daga 1935 zuwa gaba har a Rum da Landan da Faris da Bombai an buga shi, a Biyana kuwa har yau ba a daina ba. Abin da aka buga ya kai miliyoyi ɗaruruwa. Ta hanyar Tarabulus da Barno ya iso ƙasar Hausa. Bajamushen nan matafiyi, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851 ya tarar ana canza guda a kan wuri 2,500. Watau dai 1780 ɗin da muka yi wa tsalle ba ta faɗin ranar da aka buga kuɗin. Na Iya ya yiwu kakanninta sun same su wurin ayari, ya yiwu kuma ba su girmi mijinta ba.

Jikinmu ya yi sanyi. Muka fito da fatakar nan mai ƙyalli, muna zaton ita za ta fisshe mu kunya. Dattijon ya sa madubin ƙara girma ya daɗe yana dubawa, kāna ya ɗago ya ce, "Wa ya yi wannan aika-aika?" Ba wanda ya amsa. Ya ba mu madubin. Sai ga fuskar kuɗin duk zane-zane, kamar gonar da aka yi wa kaftu. Ya ce cikin ƙullin nan duka ita kaɗai ce masu tara tsofaffin kuɗi za su so, gama ba ta zaga hannu ba, baƙin da muka kankare kuwa shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Da mun kawo ta yadda ta ke, da ya biya ninkin kuɗin azurfarta ba sau ɗaya ba. Yanzu ta komo sahun 'yan'uwanta.

A nan muka fahimci cewa tsohon kuɗi daraja uku gare shi, kuma kowace da mai sayenta. Ta farko ita ce wadda hukuma ta rubuta a jikinsa. Wannan ta mutu: Nijeriya ta fitar da nata sulalla a 1959, ran 1 ga Janairu 1973 kuma naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Ta wannan fuska ɗan gwangwan bai yi ƙarya ba, sai dai ya faɗi wadda ta yi masa daɗi ya bar sauran.

Ta biyu ita ce ta masu tarawa. Su ba tsufa su ke saye ba, abu biyu su ke nema: ƙarancin irin kuɗin, da lafiyar jikinsa. Suna duba shekara, suna duba ɗan harafin da ke nuna gidan da ya buga. A kuɗin Afirka ta Yamma, H na nufin gidan Heaton ne a Bamingam, KN gidan King's Norton, wanda ba shi da harafi kuwa daga gidan buga kuɗi na Landan ya fito. Sau da yawa shekara ɗaya ce, amma wani gida ya buga da yawa, wani kaɗan, sai farashi ya bambanta. Sa'an nan suna da matakai na lalacewa, tun daga wanda bai taɓa shiga kasuwa ba har zuwa wanda ya shafe sai inuwar kai. Amurkawa ma lamba su ke ba shi daga 1 zuwa 70, bisa tsarin da wani mai suna Sheldon ya fitar a 1949. Kuɗin da aka huda, ko aka liƙa masa kunne don a rataya, ko aka goge, ya fita daga lissafinsu. To, ga shi kuwa iyayenmu mata da kuɗin azurfa su ke ado, suna jera su a wuya da kitso, suna goge su kowace salla. Don haka ne cikin abin da ke ɓoye a ɗakunan ƙasar nan, kaɗan ne ƙwarai zai shiga idon mai tarawa.

Ta uku ita ce ta ƙarfen kansa. Wannan ba ta mutuwa, ba ruwanta da hoto, ba ruwanta da soson ƙarfe. Dattijon ya ce, "Ku je wurin maƙeran farfaru. Amma kada ku je sai kun yi lissafinku tukuna, gama wanda bai san nauyin kayansa ba, mai saye ne zai gaya masa."

Muka komo gida muka gaya wa Iya gaskiya duka, har da ɓarnar da muka yi. Wannan shi ne abu mafi wuya da muka yi a Gonin Gora. Ta yi shiru, can ta ce, "Ba kome, 'ya'yana. Da ma Allah bai rubuta mini gidan bene ba. Ku dai duba abin da ya rage."

Muka aro ƙaramin ma'auni mai nuna giram, muka raba kuɗin kashi huɗu. Kafin mu faɗi rabon, sai mun faɗi dalilinsa, gama ba kowane farin sule ne azurfa ba. Da Turawa suka ci ƙasar nan, da kuɗin Ingila su ke biyan ma'aikata, da shi kuma su ke son haraji. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fitar da nata: fataka, watau sule biyu, da sule mai hoton itacen kwakwa, da sisi, da taro. Nauyinsu daidai da na Ingila, sule giram 5.65, fataka giram 11.31, cikin kowane kashi 1,000 kuwa 925 azurfa ce, sauran jan ƙarfe. A lokacin nan daga oza ɗaya a ke buga abin da ya kai kwabo 66. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, har a watan Fabrairu na 1920 oza ta kai kwabo 89 da rabi a Landan. Watau sule ya fi tsada a narke da a kashe. Hukuma ta ga ba dama. Ingila ta rage azurfar kuɗinta zuwa rabi daga 1920, ta cire ta ɗungum daga 1947. Mu kuwa nan, cikin 1920 aka komar da mu kan sule rawaya na tagulla, wanda ba ɗigon azurfa a cikinsa. Mutanenmu ba su yi karatun tattalin arziki ba, amma sun san abin da ya kamata: suka riƙa biyan haraji da rawaya, suna binne farin. Ƙullin Iya haka ya samu.

Kashi na farko shi ne wanda ba azurfa: kwabbai da aninai masu huda, da sulalla rawaya, da fararen sulallan Nijeriya na 1959, da na Ingila daga 1947. Shi ya fi kowane kashi yawa. Muka ware shi gefe, Iya na kallo.

Kashi na biyu, na 1913 zuwa 1919: sule 30 da fataka 8. Da sababbi ne da sun yi wajen giram 260. Muka ɗora bisa ma'auni, sai ga 247. Giram 13 sun tafi, sun bi yatsun mutanen da suka rasu tun tuni. Wannan ne dalilin da ya sa ba a sayar da tsohon kuɗi da ƙidaya, sai da awo. Muka ninka 247 da 925, muka raba da 1,000, ya ba mu giram 228 da rabi na azurfa tsantsa.

Kashi na uku, sulallan Ingila na tsakanin 1920 da 1946, guda 12. Nauyinsu giram 65, rabinsa 32 da rabi. Waɗannan in sun tsufa farinsu kan yi ɗan dushi-dushi, ba kamar na farko ba.

Kashi na huɗu, liyari huɗu. Sabo giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000. Namu huɗun sun yi giram 109, watau wajen giram 91 na tsantsa. Mun karanta cewa 'yan kasuwar Habasha da na ƙasar Larabawa kan duba 'yan ƙwayoyin lu'ulu'un da ke kafaɗar sarauniyar, in sun shafe su rage farashi. Na Iya ba ko ɗaya da ya rage. Ashe mutanen da ma da ido su ke yin abin da muka yi da ma'auni.

Jimla ta tashi wajen giram 352. Azurfa kuwa da oza a ke sayar da ita a duniya, ozar awon azurfa da zinariya giram 31.1 ce, ta fi ta awon kayan kanti nauyi, kada a gama su. Muka raba, ya ba mu oza 11 da sulusi. Saura mu san kuɗin oza ɗaya. Wannan a Landan a ke yanke shi kowace ranar aiki, da dalar Amurka, kuma duk mai wayar hannu na iya dubawa. Ba za mu rubuta na ranar nan ba, domin kafin a buga takardar nan ya sāke. Abu ne mai hawa da sauka ƙwarai: a 1980 oza ta kusa dala 50, ta faɗo warwas, ba ta sake kusantar wurin ba sai 2011. Muka ninka, muka juya shi naira, muka rubuta a takarda. Da muka gwada da tayin ɗan gwangwan, sai muka ga ko rubu'i bai kai ba.

Ranar kasuwa muka ɗauki Iya muka tafi maƙera. Maƙerin tsoho ne, ya karɓe mu da fara'a, ya shimfiɗa wa Iya buzu. Bai dubi takardarmu ba sai da ya yi nasa gwaji. Ya wuce da maganaɗisu bisa kuɗin, gama azurfa ba ta binsa, ko da ya ke ya ce wannan ba ya isa shaida, tagulla ma ba ta bi. Ya ɗora kowanne a kan yatsa ya ƙyasta, ya kasa kunne: azurfa ƙararta doguwa ce mai zaƙi, darma kuwa ba ta amsawa. Waɗanda shekararsu ta shafe ya goga su a baƙin dutse ya ɗiga ruwan gwaji. Cikin sulallan da muka sa a kashi na biyu ya fid da guda biyu ya ce waɗannan rabi ne, muka duba da kyau muka ga 1920 ce, shekarar da aka buga iri-iri. Muka gyara lissafi. Sa'an nan ya auna da nasa ma'auni, ya zo daidai da namu.

Da ya taya, tayinsa bai kai abin da ke takardarmu ba. Ɗayanmu ya fara ɗaga murya, ya ce ga farashin Landan. Tsohon ya ce, "Malam, Landan ta sayi gawayi ne ta ba ni? In na narka, wani abu zai bi wuta. In na ajiye, gobe farashi na iya faɗuwa a kaina. Ni ma kuma da iyali." Muka ga gaskiyarsa. Farashin Landan na azurfar da aka riga aka tace ne, mai sayen tsohon kuɗi kuwa dole ya rage ladan wahalarsa. Abin da lissafi ke yi maka shi ne ya nuna maka iyakar ragin, ka san ko lada a ke cirewa ko fata a ke feɗe maka. Aka yi ta ciniki, Iya na cewa albarka, har aka tsaya a wajen kashi huɗu cikin biyar na lissafinmu. Ta sallama, aka biya ta nan take, hannu da hannu.

Amma kafin a kwashe, ta miƙa hannu ta ɗauke liyari guda, wanda ke da kunne, da fatakar nan da muka ɓata. Ta ce a cire kuɗinsu. Liyarin, in ji ta, a wuyan uwarta ta san shi, ranar auren yarinyar nan za ta rataya mata. Fatakar kuwa ta miƙo mana, ta ce, "Ku riƙe, ku riƙa tunawa da ni." Mun so mu ƙi, ta rantse. Abin da ya rage ya biya kuɗin shiga da tufafi da littattafai, da ɗan abin da za a fara zango na biyu. Bai gina gida ba, amma yarinya tana makaranta.

To, 'yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba mu garuruwa da ƙauyuka, kuma duk inda malami ya sauka, shi a ke kawo wa takarda ya karanta, shi a ke kawo wa ƙulli ya duba. Mutane za su gaskata abin da muka faɗa don sun ga alli a hannunmu. In aka kawo muku irin wannan, kada ku goge kome, kada ku yi wa kowa albishir da shekarar da ke jikin kuɗi, ku fara nuna wa masanin kayan da ko akwai wanda ya fi ƙarfin awo, sauran kuwa ku raba su bisa shekara, ku auna, ku ninka, ku tambayi mai saye fiye da ɗaya. In kuwa ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, gama daren da Iya ta kwana tana ƙidaya ɗakunan gidan da muka gina mata da baki ya fi fatakar nan tsaya mana a rai.

Muna kuma roƙon malamanmu na lissafi, in an zo babin kashi cikin ɗari da na awo, a riƙa kawo irin wannan misali, domin mu kanmu sai a tsakar gidan Iya muka san amfanin abin da muka haddace. Fatakar tana nan wurinmu. Duk wanda ke son ya ga abin da toka da gaggawa ke yi wa azurfa, ya zo ɗakinmu bayan cin abincin dare, mu ba shi madubi ya duba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu da cutar da wanda ya amince da mu. Amin.